Sama Lesin, Ƙasa Taɓo

Da zarar an ba yara dogon hutu a ƙarshen Yuli, sai ƙyallayen talla su cika Kafanchan, tun daga bakin kasuwa har hanyar Kagoro: a kawo yara "sama lesin". Na taɓa tambayar wani mai makaranta ko wace sama ake nufi, ya ce wai sunan lokacin zafi ne a ƙasar Turawa, sa'ad da 'ya'yansu ke kwanciya bakin teku suna shan rana. Na ɗaga kai na dubi tamu saman, kwana uku ke nan tana tsiyaya ba ƙaƙƙautawa, kaji sun takure a gindin rumbu, wanki ya ƙi bushewa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, sunan ya dace. Sama ce ke ba mu lesin, mu kuma muna ƙasa muna kwasar taɓo."

Kada ku harare ni tukuna, masu makarantu, ban zo kashe muku kasuwa ba. Roƙona kaɗan ne. A cikin makonni shida ko bakwai ɗin nan na marka, a bar yaro ya karanta littafin labari wanda ba wanda zai yi masa jarrabawa a kansa. A cikin abin da zai karanta kuma, a sa labarin mutanen da ba nasa ba, ko da waɗanda ke tsallaken titi ne.

Na ji tsaki daga wajen Kwoi. Baba ne, manomin citta. Sannu da aiki, Baba, yaya ruwa? Na san abin da ke bakinka: littafi ne zai cire maka ciyawa? Ba zai cire ba, kuma tun da cutar nan ta 2023 ta ruɓar da cittar mutane a cikin ƙasa, ba mai hankalin da zai ce ka saki hannu ko ɗaya daga gona. Amma gaya mini gaskiya, in ruwa ya kece da azahar kuka ruga bukka, me yaron yake yi? Ko ya tsokani ƙanwarsa, ko ya dame ka da tambayar yaushe masara za ta gasu. Wannan sa'a guda nake roƙo, ba ranar duka ba.

Tun da ma kai mutumin Jaba ne, bari in ba ka labarin gona. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, nan kusa da kai. A 1943 kuma aka tono wani a ƙasar Jama'a, kan mutum sak, da idanu da gyaran gashi. Ma'aikacin da ya ɗauke shi bai ga abin da ya dace da shi ba sai gonar doya. Ya kafa shi a kan sanda ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, har ya shekara yana gadi ba albashi, kafin wani Bature mai suna Bernard Fagg ya gan shi ya gane cewa aikin hannun mutanen da suka rayu sama da shekara 2,000 ne. Yau duk duniya ta san sunan Nok. Masana daga Jamus sun shafe shekaru suna tono a ƙasarku, har aka baje kolin kayan a birnin Frankfurt a 2013, yaran Jamus suka yi layi suna kallo. Kai kuma jikanka, da zai iya zuwa Nok a kan keke, in aka tambaye shi sai ya ce ai sunan ƙauye ne da ake wucewa. Ban ce laifinka ba ne, Baba. Na ce dai har yanzu muna ba tsuntsaye tsoro da abin da wasu ke hawa jirgin sama su zo gani.

Ke kuma Maman yara, na ga kin riƙe ƙugu. Kin biya kuɗin lesin, kin sayi littafin tsofaffin tambayoyin kwaman entirans, yanzu ga wani ya zo yana cewa a bar yaro da tatsuniya. Maki nawa za a ba shi? Ko ɗaya. Sai dai ki tambayi duk wani malamin Turanci ko na Hausa da kika yarda da shi, yaran da ke tsayawa cak in an ba su dogon rubutu a jarrabawa, su wane ne? Waɗanda ba su taɓa bin labari daga shafin farko zuwa na ƙarshe don son ransu ba. Ido ma yana son sabo, kamar ƙafa da hanyar rafi.

Kuma dabarar ba tawa ba ce. Abubakar Imam ya riga ni tun 1937, da Magana Jari Ce ya fara fitowa daga Zariya. Kin tuna yadda littafin farko yake? Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, yaro yana ta zumuɗin ficewa, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Wa ya tsare shi? Ba dogari ba, ba bulala ba. Aku ne, tsuntsu, da labari bayan labari har gari ya waye. Ke da kike da hannu biyu da murya mai kaiwa layi na uku, kullum sai kin aika a nemo miki ɗanki a tashar 'yan acaɓa. Tsuntsu ya fi ki dabara, Mama, kuma ko kuɗin lesin bai karɓa ba.

Sai dai a nan zan ɓata wa wasu rai. In kika je sayen littafi, kika ga wanda aka rubuta wa "tarbiyya" ɓaro-ɓaro a bango, da hoton yaro mai tsabta yana durƙushe, ki ajiye shi a hankali. Yaro yana jin warin wa'azi kamar yadda akuya ke jin warin ruwa. Ba a gina hali da labarin yaron da bai taɓa yin ƙarya ba, don mai karatun ya san ƙarya ake yi masa. Dubi Ruwan Bagaja, wanda Imam ya shiga gasar 1933 da shi. Alhajin da ke ba da labarin da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, wane ne waliyyi a cikinsu? Wannan ya yi wa wancan ƙeta, wancan ya rama, daga gari zuwa gari. Yaro zai yi dariya har da hawaye, amma a wani shafi za ki ji ya ce, "Kai, wannan kam ya wuce gona da iri." To, wannan kalmar da ta fito daga bakinsa, ba daga naki ba, ita ce abin da kike nema. Shi ya auna da kansa.

Yanzu bari in juyo kan dattawa biyu da ke zaune can a kan benci ɗaya, abin da ban saba gani ba. Malam, barka da hutawa. Baba Fasto, sannu da hidima. Yau dai na haɗa kanku, ko ba komai na ci lada. Ku biyun kun yarda da abu ɗaya: littafin wasu zai lalata mana yara. Malam yana tsoron ɗansa ya karanta labarin da ake zuwa coci a ciki, Baba Fasto yana tsoron 'yarsa ta karanta wanda kowane shafi sai an yi alwala. To, ku gyara zama.

Malam, Magana Jari Ce ɗin nan da kake alfahari da shi, kake cewa Hausa tsantsa, daga ina ka ga Imam ya ɗebo ruwansa? Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, shi kansa aku mai tsare mutum da hira tsohon labari ne na ƙasar Indiya. Imam ya karanta na wasu, ya naɗa musu rawani, ya sa musu babbar riga, har ka rantse a Katsina aka haife su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa fa, da kuka haddace a firamare? Jarumin Rashawa ne, kuma birnin Kib da yake karewa shi ne Kiev ɗin nan na Yukiren da kake ji a rediyo. Ka karanta shi kana ɗan shekara goma, ga ka nan har yau ba ka fasa salla ba, ban kuma ga ka koma shan shayin Rashawa ba. Jiki Magayi kuwa, ɗaya daga littattafan farko na zube a Hausar boko, John Tafida ne na Wusasa ya rubuta shi tare da Rupert East. Sunan ya isa ya gaya maka inda yake ibada.

Baba Fasto, kada ka yi murmushi, layinka ya zo. Da wane harshe ka yi wa'azi ranar Lahadi? Da wane harshe Zumuntar Mata ke rera waƙa har ƙasa ta girgiza? Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, kuma da shi kakanninmu da yawa a Kagoro da Kwoi da Zonkwa suka koyi haɗa baƙi. Kana addu'a da harshen mutum, kana ciniki da shi, in rai ya ɓaci ma da shi kake faɗa, amma labarinsa ne zai cinye maka 'ya? Ai wanda ya sha miyar gida, bai kamata ya ji tsoron leƙa tukunyar ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, a Kafanchan ake wannan gardama. Garin da jirgin ƙasa ya raina! Tun da layin dogo daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya iso nan ya rabu biyu a 1927, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, wane irin mutum ne bai sauka a tashar nan da akwatinsa ba? Fantswam suna nan tun asali, ga Kaninkon, ga Bajju da Atyap da Kagoro da Ham da Kagoma a kewaye, ga Hausawa da Fulanin Jama'a, sai ga Ibo da Yarbawa da Tibi sun zo aikin reluwe da kasuwanci. Wasu sai sun sayi tikiti su ga al'adun duniya. Mu duniya ce ta sayi tikiti ta zo mana.

Ga wata da na tabbata yawancinku ba ku sani ba. Waɗanda suka yi firamare da daɗewa, kun tuna Eze Goes to School, labarin yaron ƙauyen Ibo da mahaifinsa ya rasu, kuɗin makaranta ya gagara, amma ya ƙi haƙura? An buga shi a 1963, kuma an karanta shi a makarantu daga Legas har Maiduguri. Onuora Nzekwu, wanda ya rubuta shi tare da Michael Crowder, a ina kuke zato aka yanke masa cibiya? A nan Kafanchan, a 1928, shekara ɗaya bayan isowar jirgi. Mutumin ya rayu har 2017, ya shugabanci kamfanin dillancin labarai na Najeriya. Ɗan garinku ne ta wajen haihuwa, ku kuma kuna tambayar me ya haɗa yaronku da littafin Ibo. Marayan da ke cikin littafin, da uwar da ke fafutukar kuɗin makaranta, ku leƙa layinku ku gaya mini ba ku san irinsu ba, a gidan da ake kiran salla da wanda ake buga ƙararrawa. Haka Cyprian Ekwensi, Ibo ne haifaffen Minna, amma The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass labaran Hausawa da Fulani ne. In ɗan Ibo ya zauna ya rubuta yadda Bafulatani ke ji da shanunsa, ɗan Bajju ba zai mutu ba don ya karanta.

To, ga wani can a baya bai yi dariya ba tun ɗazu, kuma shi na fi jin tsoro. Yallaɓai, faɗi. Ya ce: "Ka gama? Rikicin Maris na 1987 a ina ya tashi? Ba a kasuwa ba, ba a tasha ba. A Kwalejin Ilimi ta nan Kafanchan, tsakanin ɗalibai masu littattafai a hammata. Na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011 da ya cinye kasuwar garin nan, marasa karatu kaɗai suka yi su? In karatu na gyara hali, me ya hana?"

Nan kam zolaya ta tsaya mini a wuya. Gaskiyarka, Yallaɓai. Takarda ba laya ba ce. Rigimar ƙasa da sarauta da kasuwa da siyasa ba ta jin labarin aku, kuma duk wanda ya ce maka littafin yara zai hana harin dare a ƙauye, yaudararka yake yi. Abin da kawai zan ce, akwai karatu akwai karatu. Akwai wanda mutum ke yi don ya ci jarrabawa, akwai wanda yake yi don ya tara hujjar kayar da abokin gardama, kuma waɗannan biyun muna da su har sun yi mana yawa. Na uku shi ne wanda kake shiga rigar wani na kwana biyu, ka ji yunwarsa, ka ji tsoronsa, uwarsa ta zama taka. Shi ne muke da ƙarancinsa, kuma a ƙuruciya ya fi kamawa. Ban yi alkawarin zai hana mutum ɗaukar makami ba. Ina dai zaton hannunsa zai ɗan yi nauyi.

Kuma kada ku ce na zaɓo muku masu zaƙi kaɗai. A ba ɗan sakandare Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin harin bayi ne, da yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙare. Yaron Kagoro da aka gaya masa dalilin da ya sa kakanninsa suka zauna a kan dutse zai karanta shi da wani ido, yaron cikin garin Jama'a da wani. Ku bar su su karanta, sa'an nan su zauna su yi musu a kai. Gara su yi musun a kan tabarma suna 'yan shekara goma sha huɗu, da gasasshiyar masara a hannu.

Ku kuma Kanawa da ke karanta wannan kuna ƙunshe dariya, na san me kuke raɗawa: wai mutanen da ke cewa "mace ya zo" ne za su karanta Imam? Ku yi ta dariya. Yarinyar da kuke yi wa dariyar tana jin Jju a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji, ta kuma iya gaida maƙwabciya da Tyap. Ku da kuke da harshe ɗaya da rabi, a lissafa mana rabin. Mu dai ƙasar Zazzau muka fi kusa da ita, kun san kuwa abin da ke tsakaninku da Zazzagawa, don haka ba za a kai ƙara ba.

Saura 'yan samari masu cewa zamanin takarda ya wuce, komai yana waya. Ban musa ba. Tun 2022 harshen Tyap yake da Wikipedia tasa, 'ya'yan yankin nan ne kuma suka zauna suka gina ta. Amma ɗan'uwa, miƙo wayar in ga abin da ka buɗe jiya da dare. Ka ga ka mayar aljihu. Littafi kuwa ba ya neman caji, ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ba a taɓa fizge shi daga hannun mutum a kan acaɓa ba.

Wanda ya ce ba kuɗi, shi ma na ji shi, don ba kowane gida ke iya sayen sabon littafi a wannan marra ba. Amma gida biyar a layi ɗaya, kowa ya fito da guda, an samu biyar. A nan ma ne rabin tarbiyyar take, ba a cikin shafukan ba: yaro ya je gidan da bai saba shiga ba, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida masu gida, ya karɓi aron abu, ya kiyaye shi daga ruwa da man ja da ƙanensa mai yage-yage, ya mayar ranar da ya ce. Inda kuma littafin bai wadatar ba, akwai kaka. Yawancin tatsuniyoyin Jju da Tyap da Hyam suna bakin tsofaffi ne, ba su shiga takarda ba. A sayi littafin rubutu mai rahusa, a ce wa yarinya ta zauna gaban kakarta ta rubuta uku, da harshen da aka faɗa mata, ta juya su Hausa a shafin da ke kallonsa. Sai ta ba ɗan maƙwabta, shi kuma ya kawo mata na Gizo da Ƙoƙi daga bakin tasa kakar. Za su sha mamakin yadda mayaudarin wannan gida ya yi kama da na wancan, suna kawai aka canja masa.

Tun da maganar aro ta taso, akwai wani maƙwabcina, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Shi ne kan gaba wajen cewa karatun labari aikin marasa aikin yi ne. Daminar bara ya aiko ɗansa ya ari Magana Jari Ce littafi na biyu, wai yaron ne ke so. Yaron ya gama cikin mako guda, ya zo ya ba ni labarin har da kwaikwayon muryar aku. Da na ce ina littafin, sai ya sunkuyar da kai ya ce Baba bai gama ba. Yallaɓai, an girbe acca, an haƙe citta, an yi bikin Afan a Kagoro, ga wata damina ta zagayo. Na hango shi ta taga ranar Talata a kan kujerarka, da tsinken tsintsiya a tsakiyar shafi. Ka aiko mini da shi kafin a koma makaranta, in ba ka na uku.